Kalmar da Aka Lulluɓe Asumana da Ita

Ƙarfe uku da minti ashirin na yamma wayar Yaya Asumana ta daina shiga. Na san lokacin ne don sai da na duba agogo kafin in kira, halina ne duba komai sau biyu. Motarmu ta shigo tashar Akra ke nan, ƙafafuna sun kumbura da zaman hanya, kaina yana juyawa da warin mai da na soyayyen kifi. Da safe, a kan iyakar Togo, na kira shi ya ɗauka. Muryarsa ta yi ƙasa, amma ya ce, "Taho dai, Hasiya, Allah shi kawo ki lahiya." Yanzu kuwa wata mace ce a cikin wayar take maimaita mini da Ingilishi, cikin ladabi, cewa ba a samun mai lambar.

Asumana wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya daɗe a Gana yana aikin albasa, kuma shi ne rumbun gidanmu na biyu a ƙauyenmu Tama. In gero ya ƙare kafin damina ta kai, buhunsa ake jira. Shi ya yi mini alkawari cewa in na ci bakalore, jarrabawar gama sakandare, a lisen Buza, in zo wurinsa in karanta Ingilishi sosai. Na ci, na zo. A jakata akwai tufafi, da babban ƙamus na Ingilishi da mushenmu, wato malaminmu, ya ba ni kyauta, da saƙo biyu na gida: ƙunshin cuku daga Inna, da takalman fata jajaye, ɗinkin Tawa, da Baba ya saya masa.

Na zauna a kan jakar har rana ta yi sanyi. Ni mutum ce da ko a aji, in na san amsa, sai in bar wani ya faɗa. Tambayar baƙo hanya ta fi mini jarrabawa wuya. Amma da na ga masu talla sun fara tattara kaya, na tashi na shiga tasi, na faɗa wa direba sunan unguwar da Asumana ya sha ambata mini.

Gidan na haya ne, ɗakuna a jere, mata suna girki a tsakar gida. Mai gidan wata dattijuwa ce mai jiki, ana ce mata Anti Esi. Na haɗa jimlata tun a cikin tasi, na faɗe ta daidai yadda take a littafi: ni ƙanwar Asumana ce, daga Nijar, ina nemansa. Ta dube ni, ta dubi jakata, sannan ta dubi ƙofar wani ɗaki da kwaɗo a jiki.

"He has travelled," in ji ta.

Na gane kalmar, kuma har na ji sanyi a raina. Ya yi tafiya. To, mai tafiya yana dawowa. Na tambaye ta ina ya tafi. Ta ɗaga kafaɗa ta sake faɗin jimlar, a hankali, kamar matsalata ta kunne ce. Na tambaya yaushe zai dawo. Ta ce in zo in ci abinci.

Ita ta shimfiɗa mini tabarma a ɗakinta, ta ba ni dokunu da kifi da barkono. Ban taɓa cin tuwo mai tsami haka ba. Na ci don kunya, hawaye yana zubo mini, ta ɗauka barkonon ne ta miƙo mini ruwa.

Da gari ya waye na buɗe ƙamus. Ban san abin da nake nema ba, amma ni in abu ya dame ni littafi nake buɗewa, kamar yadda Inna take ɗaukar carbi. Kalmar travel ta ci kusan rabin shafi. Tashi daga wani wuri zuwa wani, musamman mai nisa. Yawon ƙasashe. Yawon kai haja gari-gari. An ce haske ma yana yinta, sauti yana yinta. Har labari, in ji ƙamus, yana yinta, kuma mummuna ya fi sauri. A duk misalan da aka bayar, mai tafiya yana da inda ya nufa: wane ya tafi gari kaza, a jirgi ko a mota, tare da wance. Babu misali ko ɗaya na mutumin da ya yi tafiya kawai, ba gari, ba ranar dawowa.

A ƙasan shafin, da ƙananan baƙaƙe, aka rubuta asalinta. Daga tsohon Faransanci Ingilishi ya aro ta, daga travail. Wannan kam na san ta tun ina ƙaramar aji: aiki. Ƙamus ya ce a da can tana nufin wahala da azaba, kuma ita ma daga Latin ta fito, daga sunan wasu turaku uku da ake ɗaure mutum a kai a gana masa uƙuba. Hanyoyin zamanin da sun yi muni har mutane suka kira tafiya da sunan wahala. Na karanta, na ce abin sha'awa, na ja layi da fensir. A lokacin ilimi ne kawai a wurina.

Anti Esi ta sa ni a mota zuwa kasuwar albasa da ke bayan gari. Tun kafin in sauka na ji warin gida. Buhuna ne jibge kamar katanga, albasar Madawa da ta fadamunmu, kuma ko'ina Hausarmu ake yi, ta Adar, ba gauraye. Na ji wani yana zagin wani da irin zagin da ake yi a bakin rijiyar Tama, sai na ji kamar in rungume shi.

Aka kai ni wurin Alhaji Nomau, mutumin Ibohamane, wanda shi ne maigidan samarin Adar a kasuwar. Duk wanda ya sauka daga wajenmu, a hannunsa yake sauka. Yana zaune a benci da carbi. Na durƙusa na gaishe shi. Ya tambayi Baba, ya tambayi damina, ya tambayi ko an gyara hanyar Buza. Ya tambayi komai ban da abin da ya kawo ni.

"Alhaji, Yaya Asumana nika nema."

Samarin da ke gefe suka shiga gyara buhunan da ba su karkace ba.

"Asumana ya ɗan taɓa hanya, ɗiyata."

"Ina yat tahi?"

"Ke dai ki huta. Kin sha hanya."

"Alhaji, ina yat tahi?"

Ya juya carbi. Ya dubi sama. "Kumasi, ina ji. Awo, Kumasi."

A gefen rumfar Alhaji akwai mai tuwo, Gwaggo Hawa, mutuniyar Keita, doguwa, mai baki kamar reza. Ita ta kira ni.

"Ke 'yar lakwal, 'yar boko, zo nan. Wanga littahi da kika rungume, shi za ki aura?"

Na ce ƙamus ne.

"To kamus ɗin shi ba ki tuwo mu gani. Zauna."

Ta zuba mini tuwon gero da miyar kuka, ta ƙi karɓar ko sisi. Ta ce an biya. Na tambaya wa ya biya, ta ce in ci in bar bincike, ba jandarma ba ce ni.

Haka na shiga zarya. Kullum da safe in bar gidan Anti Esi, in zo kasuwa, in zauna wurin Gwaggo Hawa ina taya ta wanke kwanuka, ina kallon bakin ƙofa. Duk motar da ta shigo sai na tashi tsaye. Na tambayi masu dako, na tambayi mai shayi, na tambayi limamin ƙaramin masallacin kasuwa. Masu Hausa su ce ya taɓa hanya. 'Yan ƙasa su ce he has travelled. Na lura a nan garin kalmar ba ta bukatar gari a bayanta. Na ji mace ta faɗe ta a kan mijinta, na ji mai shago ya faɗe ta a kan maigidansa alhali maigidan yana ciki yana shan shayi. Ƙyaure ne ake turowa a hankali a fuskar mai tambaya, ba tare da an zage shi ba. Ƙamus ɗina bai san wannan ba. Na rubuta a gefen shafin da fensir.

Ranar Juma'a Inna ta kira da wayar maƙwabcinmu. Ina jin kukan awaki a bayanta, da dakan wata mata, har na san turmin wace ce.

"Kin isa lahiya? Ya karɓi cukun? Takalman sun yi mai daidai? Babanku cewa ya yi in sun matse a shafa musu man shanu."

"Lahiya lau, Inna."

"Ba ni shi in ji muryatai."

Inna tana da hawan jini. Shekarar da aka ce motar 'yan ci-rani ta faɗi a hanyar Agadas, kwana ta yi ba ta magana, alhali ba ɗanta a ciki. Na buɗe baki ban san abin da zai fito ba.

"Ya ɗan yi tahiya, Inna. Aiki ne. Yana dawowa."

"To, Allah shi maido shi lahiya. Ki riƙa cin abinci."

Da na kashe wayar na ga Gwaggo Hawa tana kallona. Ta juya ta ci gaba da tuƙa tuwo da ƙarfin da ya fi na kullum.

Abin da Alhaji Nomau bai sani ba game da ni shi ne, in aka ba ni amsa, riƙe ta nake yi. Ya ga yarinya mai sunkuyar da kai, ya ɗauka zan zauna in jira, ko in gaji in koma gida. Amma ya ce Kumasi, ni kuma na rubuta Kumasi. Wata safiya, ban gaya wa kowa ba, na ɗauki jakata na shiga mota.

Kumasi ta haɗiye ni. Kasuwarta ba ta da farko ba ta da ƙarshe. Na bi wari har na sami masu albasa, na bi su rumfa-rumfa da hoton Asumana a wayata. Wasu suka girgiza kai. Wani ya ce Asumana nawa ne a duniya. Wajen azahar wani mutum mai farar riga da hula mai kyau ya tsaya a gabana, Hausarsa mai daɗi.

"Ƙanwata, wa kike nema? Asumana dogo, mai ɗan tabo a goshi?"

Tabon yana cikin hoton, a fili, amma ni ban yi wannan tunanin ba. Na ce shi ne. Ya ce ai jiya ma tare suka yi sallar la'asar, ya sauya lamba ne. Ya ce in ba shi wayata ya kira mini shi, tasa ba caji. Na miƙa masa da hannu biyu. Ya kara a kunne, ya ce nan da hayaniya, bari ya matsa. Ya matsa bayan wata mota. Na tsaya ina gyara mayafina don kada Yaya ya gan ni a yamutse.

Na daɗe a tsaye kafin in yarda. A wayar nan lambar maƙwabcinmu take, da hoton Asumana guda ɗaya da nake da shi, da muryarsa da ya aiko mini ranar da sakamako ya fito, yana dariya yana cewa 'yar Inna ta zama madamozal, malamar makaranta.

Ban yi kuka da ƙarfi ba, ban iya ba. Na zauna a bakin kwata na rungume jaka. Wata mai tallan burodi, Ba'asantiya, ta sauke tirenta ta zauna kusa da ni. Ba ta jin Hausa, Ingilishina kuma ya gudu gaba ɗaya. Ta yanka burodi ta shafa masa man gyaɗa ta sa mini a hannu, ta riƙa buga bayana a hankali kamar ana lallashin jariri. Ita ta kai ni masallacin tasha, ta haɗa ni da matan da ke kwana a ɓangaren mata. Ban san sunanta ba har yau.

A can na kwana biyu ina fita nema ina dawowa. Takalmina ya tsinke, na ɗaure shi da leda. Na tuna turakun nan uku na ƙamus. A da na ja musu layi don sun burge ni. Yanzu na ga waɗanda suka raɗa wa tafiya wannan suna ba malamai ba ne, mutane ne da suka taɓa zama a bakin kwata a garin da ba a san ubansu ba. Na fara tunanin abin da nake ta kora tun ranar farko: ko Asumana yana kurkuku, ko yana cikin ramin zinariya ƙasa ta rufta, ko an riga an binne shi ana jin nauyin gaya mini.

Wani direban babbar motar albasa, mutumin Madawa, ya ji ina tambaya a tasha, ya gane harshena. Ya ce Akra za shi, in shiga gaba. A hanya na tambaye shi ko ya san Asumana ɗan Tama.

"Na san shi," in ji shi. "Yaron kirki."

"Yana ina?"

Ya ƙara wa rediyo murya.

Mun shiga kasuwar da hantsi. Gwaggo Hawa ce ta fara hango ni. Ta saki muciya a cikin tukunya ta taho.

"Ina kika shiga? Mun duba asibiti, mun duba wurin 'yan sanda. Dubi ƙahwahunki. Ina wayarki?"

"Kumasi na tahi."

"Kumasi? Wurin wa?"

"Alhaji ya ce can yake."

Ta juya ta dubi Alhaji Nomau. Shi kuma ya dubi carbinsa.

Na wuce ta na durƙusa a gabansa. Na buɗe jaka na fito da ƙunshin cuku, na fito da takalman jajaye, na ajiye su a gaban bencinsa, ƙafa biyu a jere. A hanya na shirya maganata, kamar yadda nake shirya kowace.

"Alhaji, ga saƙon Inna da na Baba. In ya dawo ku ba shi. Ni gida zan koma. Na yi wa Inna ƙarya sau ɗaya, ba ni iya ta biyu. Zan ce mata ɗanta ya ɓace, kuma mutanen Adar duka ba wanda ya san inda yake."

Alhaji ya dubi takalman. Bai miƙa hannu ba. Samarin da ke sauke kaya suka tsaya da buhuna a ka.

"Ɗauka mana, Alhaji," in ji Gwaggo Hawa. "Saƙo ne aka ba ka. Ɗauka ka kai mai."

"Hawa, kama bakinki."

"Na kama shi har ya yi tsami. Kun aika ɗiyar mutane Kumasi da baki. Da ba ta dawo ba, mi za ku ce wa uwarta? Ita ma ta taɓa hanya?"

"Rantsar da mu ya yi," in ji Alhaji. Ni yake wa magana amma ƙasa yake kallo. "Ɗiyata, ke ba ki san zaman waje ba. Tun kakanninmu, ɗan ci-rani ba a kai mummunan labarinai gida sai da bakinai. In mutum guda ya sani yau, motar gobe ta kai shi Madawa, jibi ana zancen a bakin rijiyar Tama. Tsohuwa ta hwaɗi, wa ya kashe ta? Mu dai abin da muka iya mun yi. Buhun da aka kai gidanku watan jiya, da na wancan watan, da sunanai aka kai."

"Awo, kun yi," in ji Gwaggo. "Ba wanda ya ce ba ku yi ba. Kun ciyar da gidan, kun ciyar da tsohuwa. Amma rantsuwar maza ce, a rumfar maza kuka yi ta. Ni tuwo nika saidawa, ba wanda ya ɗora min hannu bisa Alƙur'ani."

Ban fahimci rabin abin da suke faɗa ba. Abu ɗaya na riƙe: ba a rantsar da mutane a kan gawa. Wanda ya rantsar da su yana da rai. Na zauna daɓas a kan ɓawon albasa.

"Gwaggo," na ce. Muryata ta fito ƙarama, irin ta aji. "Don Allah. Ina yat tahi?"

Ta tsuguna a gabana, ta goge hannunta da zane, ta kama nawa. Ta nuna katangar buhunan da ke bayan rumfar Alhaji, wadda na zauna ina jingina da ita kullum ina kallon bakin ƙofa.

"Bai tahi ko'ina ba, ɗiyata. Mota ce ta ja baya ta taka shi wurin sauke kaya, aka yanke mai ƙahwa ɗaya daga gwiwa. Ranar da za ki iso ya yi wanka, ya sa riga, ya kai bakin hanya da sandunanai, sannan ya juyo ya kashe waya. Yana nan bayan buhunnan ga yana ɗinkin bakin buhu. Tun ranar da kika zo yana jin muryarki, shi ka biyan tuwonki. Ɗauki cukun ki shiga. Takalman ki bar min su nan tukuna."